Yadda Na Zama Kakan 'Yata a Hanyar Kano

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da yarinyar, gari bai ma gama wayewa ba. Masu tambayata ina na shiga ranar Talata ba a gan ni a gona ba, to Kano na je. Ba biki ba, ba kasuwa ba. Asibiti na kai yarinyar wajena a duba mata baki.

Ta wuce shekara huɗu, amma maganarta ba ta fi ta ɗan yaye ba. "Ruwa", "a'a", "zo", sai wasu 'yan kalmomi da ba mai gane su. Da aka sa ta ajin ƙananan yara a makarantar garinmu, ba ta daɗe ba malamar ta riƙo hannunta ta dawo da ita. Ta ce ba ta amsa karatu, ba ta kula kowa, a je a duba ta tukuna. In ba a duba ba, ba makaranta. Ma'aikacin ɗakin shan maganinmu ya ce masu duba irin wannan sai Kano. Uwarta kuwa tana jego, ko arba'in ba ta yi ba. Dole tafiyar ta faɗo kaina.

Sai na faɗi wani abu don ku gane sauran labarin. Allah bai ba ni haihuwa ba sai da furfura ta cika min gemu, kuma wannan yarinya ita ce 'yar fari. Ga shi sunan marigayiya mahaifiyata aka sa mata. Kun san yadda muka taso. Ɗan fari ba a ɗaukarsa, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa. Ni na riƙe wannan da kyau, uwarta ma ta fi ni riƙewa. Don haka ranar ce ranar farko da na taɓa kama hannunta daga ƙofar gida zuwa wani wuri. Hannun ya ɓace a cikin nawa. Na rasa yadda zan riƙe shi, da ƙarfi ko a sake.

Ɗan acaɓa ne ya ɗauke mu zuwa Ɗambatta, ita a tsakiya. An sha ruwa kwana biyu kafin nan, hanya duk ta zama kunu. Ta cikin gonaki muka ratsa, kuma kun san gonakinmu, wannan na jingine da wannan, ba inda za ka tsaya ka ce nan ba na kowa ba ne. Gero ya kai kafaɗa, amma daga kan babur kana gane wanda ya samu taki da wanda ya bar wa Allah. Na masu taki kore shar, namu kuwa ya yi ruwan ɗorawa kamar mai ciwon shawara. Duk inda muka samu gangara sai mai babur ya kashe inji mu tafi shiru. Na ce masa mai ya ƙare ne? Ya ce a'a, haka ake tuƙi yanzu. A wani kwari sai da na sauka na tura. Yarinyar ta zauna a kai ƙyam, ko motsi.

A tashar Ɗambatta na saya mata koko da ƙosai. Ƙosan bana abin tausayi ne. Da, guda biyu suna cika tafin hannu, yanzu ya koma kamar kashin akuya, kuma mai suyar tana ba ka tana harararka kamar kai ka ƙara kuɗin wake. Mun daɗe a zaune mota ba ta cika ba, don yanzu ba mai zuwa Kano sai dole. Da ta cika kuma direba ya cusa mu kamar buhunan gawayi. Ban biya wa yarinyar kujera ba, sai na ɗora ta a cinya. Wannan ma ban taɓa yi ba.

Kusa da ni wata dattijuwa ce mai kai man gyaɗa birni, irin matan nan da ba sa barin mota ta yi shiru. Ta dubi gemuna, ta dubi yarinyar, sai ta ce, "Tsoho, ina za ka kai amaryar taka da sassafe? Ko kayan lefe za a sayo?"

Mota ta kwashe da dariya. Ta ɗauka jikata ce. Na buɗe baki zan gyara, sai na ji ba zan iya cewa 'yata ce ba, ga ta kuma zaune a cinyata a gaban mutane. Sai na ce, "Ai wannan amaryar ba ta so na, ko magana ba ta yi min."

Ta ce, "Wa zai so ka da wannan farin gemun? Ke 'yar nan, in mun je Kano zan samo miki saurayi mai mota."

Daga nan na zama kaka. Kuma wallahi sai na ji wani nauyi ya sauka daga kaina, don kaka ba a hana shi komai. Na fara nuna mata abubuwa ta taga. Ga saniya, ga jaki da kaya, ga mai keke ya faɗi a taɓo. Da jakin ya yi kuka sai ta yi murmushi. A nan na ga ashe wushirya gare ta. Gida ɗaya muke kwana, sai a motar haya na sani.

Hanyar Ɗambatta zuwa Kano ba ta canza ba, ramukan ne suka ƙara girma. Gidajen mai da yawa a rufe, ciyawa ta fito a bakin famfunansu, amma kowane lungu ga mai sayarwa a kwalba. Kekuna sun dawo. Mutanen da na sani da babura, manya da iyali, yanzu su ne ke murza feda da babbar riga a naɗe. Da muka zo Dawanau muka ga buhunan hatsi an jera su kamar gini, ƙamshin gero har cikin mota. Nan kowa ya yi shiru, har mai man gyaɗa. Wani daga baya ya ce, "Ashe hatsin yana nan."

Daga tasha a-daidaita-sahu ya kai mu asibitin. Na yanki kati, aka nuna min wani dogon benci a baranda. Mata ne zalla da 'ya'yansu, ni kaɗai ne namiji. Akwai yaron da wuyansa ba ya tsayawa, akwai wanda ke ta zagaye wurin yana kaɗa hannu, uwarsa na bin sa da takalminsa. Na dubi tawa, ga ta zaune lafiya lau tana lasar yajin awarar da na saya mata a bakin ƙofa. Na ce a raina ko dai mu tashi mu tafi. Ina cikin wannan tunani aka kira mu.

Ɗakin ba irin na likita ba ne. Ba allura, ba gadon kwanciya. Tabarma ce shimfiɗe, da kwando cike da kayan wasa. Matar da ke dubawa za ta yi sa'ar ƙanwata, da tabarau, ta cire takalmi ta zauna a ƙasa kamar a tsakar gidanta. Ta ce aikinta duba girman yara, yadda suke tafiya, da riƙe abu, da ji, da ganewa, da magana. Ta ce amma kafin ta taɓa yarinyar, ni za ta fara yi wa tambayoyi.

Wata nawa ta fara zama? Ta yi rarrafe? Yaushe ta taka? An yaye ta da wuri? Ta taɓa zazzaɓi mai jijjiga? Tana haɗa kalma biyu? In tana son abu, nunawa take yi ko kuka? Da wa take wasa?

Jama'a, da a kan akuyata aka tambaye ni, da na faɗi har ranar da aka yi mata barbara. Amma wannan, ko ɗaya. Sai "ina jin", sai "wataƙila", sai "Allah ne masani". Zufa ta fara keto min, ga fanka na juyawa. Matar ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, kai kakanta ne ko?"

Na ce, "E."

Na motar nan wasa ne, wannan kuwa ƙarya ce, kuma ina sane na yi ta. Na ga kaka in bai sani ba ba a ganin laifinsa.

Ta ce, "Ba komai, Baba, kakanni ba sa riƙe waɗannan. Uban fa, yana raye?"

"Yana nan."

"Lafiyarsa lau?"

"Lau."

"Shi ne ya miƙe ƙafa a gida ya turo tsoho cikin damina? Allah ya shirya mana mazan nan."

Na ce, "Amin."

Daga nan ta juya kan yarinyar. Ta zube wasu 'yan katakai masu launi, ta ɗora ɗaya kan ɗaya, ta ce ta yi. Ta yi, har ta fi nata tsawo. Ta ba ta fensir ta zana da'ira, ta zana, ko da yake ta fi kama da ƙwai. Ta sa ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta sa ta tsalle, ta ba ta zare ta zura a duwatsun wuya. Ta zagaya bayanta a hankali ta kaɗa ƙararrawa, yarinyar ta waiga nan take. Ta buɗe littafin hotuna ta ce nuna min kaza, ta nuna. Nuna min abin da ake shan ruwa da shi, ta ɗora yatsa kan kofi. Amma da ta ce mene ne wannan, sai shiru. Ta yi lallashi, ta yi waƙa, ta yi kukan kaza da bakinta. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Ni dai ina kan kujera ina kallo. Ban san ta iya ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba.

Da ta gama ta ce, "Baba, hannunta lafiya, ƙafarta lafiya, tana ji, tana ganewa. Bakin ne a baya. Amma ba zan yanke magana a kan abin da na gani a zama ɗaya ba. Sai na ji yadda take a gida daga bakin wanda ke tare da ita. Ku koma, mako mai zuwa uban ko uwar su kawo ta."

Kajin uwarta aka sayar aka haɗa kuɗin motar nan, kuma babu wasu kajin. In muka fita ƙofar nan, mun fita ke nan, makaranta kuma ta tafi. Na san haka sarai. Duk da haka ban janye ƙaryata ba. Har na miƙe ina gyara hula, ina shirin sadaukar da karatun yarinya don kada wata mata da ban sani ba ta gane ni maƙaryaci ne.

Matar ta durƙusa gaban yarinyar tana gyara mata hijabi, tana yi mata sallama. "Ki gaida Babanki, kin ji? Ki ce ina nemansa. Ina Baba yake? Yana gida?"

Yarinyar ta juyo ta ɗaga yatsa ta nuna ni.

Matar ta yi dariya. "A'a, wannan Kaka ne. Baba nake tambaya. Ina Baba?"

Sai ta tako har inda nake, ta ɗora yatsan a kan gwiwata, ta bar shi a wurin. Ta dai ci gaba da kallon matar, kamar mai cewa ga shi nan, me kuma kike nema.

Matar ta cire tabarau. Ba ta sake ce min Baba ba. Ta ce, "Malam, 'yarka ce?"

Na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Na koma na zauna. Na ce mata 'yata ce, 'yar fari, mai sunan mahaifiyata. Na jira faɗa, don na ci a yi min.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Ni ma 'yar fari ce. Mahaifina har ya rasu bai kira sunana ba. Amma kakata ce ta raine ni, ita ta cika min kunne da surutu daga safe har dare. Ita wannan, wa ke cika mata?"

Na tsaya ina lissafin gidanmu. Tsohuwata ta rasu kafin a haifi yarinyar. Ƙannena biyu da muke gida ɗaya, wahalar shekarun nan ta kore su kudu, daga baya suka aiko aka kai musu matansu da 'ya'yansu. Gidan da a da ba ka jin maganar kanka don hayaniya, yanzu mu kaɗai ne. Ni ina gona, in na dawo ba na kula ta. Uwarta tana surfe, in za ta kira ta sai ta ce "ke". Matan maƙwabta ne kawai ke kiran ta da laƙabinta ta kan katanga. Na ce, "Ba kowa."

Ta ce ba ta ce mu muka jawo ba, wasu yaran haka Allah ke yin su, bakinsu ya makara. Amma yaro ba ya fitar da maganar da ba a zuba masa ba. Sannan ta ce in cire takalmi in sauko tabarma.

Na sauko, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ta ba ni ƙwallo ta ce in gangara wa yarinyar, in ce "ƙwallo", in jira ta maido. Matan baranda suna leƙe ta labule, ina jin su suna ƙyalƙyalewa. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Na gangara, ta cafke. Maimakon ta maido min, sai ta juya ta dubi matar, tana neman izini. Matar da ta sani yau ta fi ni kusa da ita. Sai da aka ce mata "ba wa Baba" sannan ta turo, a hankali, kamar mai miƙa wa baƙo ruwa.

Na tambaya wane magani za a rubuta mana. Ta ce babu. Na ce yanzu duk wannan tafiyar, hira aka ce in koma in yi? Ta ce hira. Duk abin da nake yi in riƙa faɗa mata sunansa, da gajeriyar magana, ina kallon fuskarta. In ta nuna randa, kada a yi saurin ba ta ruwa, a ɗan jira ta gwada faɗa, in ta faɗa ko a karkace a amsa mata da daidai, ban da dariya, ban da tsawa. A riƙa ba ta zaɓi, tuwo ko kunu, don ta buɗe baki. A bar ta ta shiga cikin yara. A ƙara mata wake da zogale in an samu. Ta ba ni 'yar takarda in kai wa malamar makaranta cewa a karɓe ta, a zaunar da ita gaba, kada a tilasta mata amshi. Ta ce bayan girbi mu dawo, in ba a ga ci gaba ba sai a auna kunnen da na'ura. Da za mu fita ta ce, "A gaida Kaka." Ban waiga ba.

Dawowa ba abin labari sosai. Hadari ya tare mu bayan Dawanau, motar na yoyo, na lulluɓe ta da rigata. Na sayi gasasshiyar masara muka raba, ta ci rabi ta yi barci da sauran a hannu. Ni kuwa duk hanya ina neman abin da zan riƙa ce mata, na rasa. Na iya cinikin taki, na iya gardamar iyakar gona, amma ban san me ake ce wa yarinya 'yar shekara huɗu ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi wadda ta ishe ni a Kano. Daga inda babur ya sauke mu na saɓo ta a kafaɗa tana barci, amma da na hango majalisarmu a gindin dalbejiya sai na tashe ta na sauke ta. Na wuce gaba, ta biyo ni a baya kamar kullum. Suka ce, "An samo magani?" Na ce an samo. Abin da aka yi shekara hamsin ana ginawa ba ya rushewa a tafiya ɗaya.

Na faɗa wa uwarta komai, har da zancen kaka. Ta rufe baki da zani ta yi dariya har jariri ya farka. Da ta gama ta ce, "To wa zai yi mata hirar? Ni ga wannan, ga aiki, kuma ka san ba zan iya ba." Na ce ni zan yi. Ba ta sake dariya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Iyayenmu da suka yi wa ɗan fari kara, ba watsar da shi suka yi ba, miƙa shi suka yi ga cikakken gida, ga kaka, ga gwaggo, ga 'yan uwa. Mu gidan ya watse, mun riƙe karar ita kaɗai. Duk wanda gidansa ya yi shiru irin nawa, ya duba wa ke yi wa yaronsa magana. In kuma aka ce ka kai shi a duba, ka tambayi uwarsa komai kafin ka fita, kuma in ka je ka faɗi ko kai wane ne.

Washegari da safe na yanko wa awaki ciyawa. Tana zaune a bakin ɗaki ita kaɗai tana jera tsakuwa. Na duba zaure, ba kowa. Na yi gyaran murya har sau nawa ban sani ba, sannan na kira ta da laƙabin nan da matan maƙwabta ke kiran ta da shi. Ta ɗago da sauri ta dubi kan katanga. Ba kowa a wurin. Ta dubi ƙofar ɗakin uwarta. Sai a ƙarshe ta dubo ni.

Na ɗaga ciyawar na ce, "Ciyawa. Zo mu ba akuya."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ajiye tsakuwar ta taso.